Sarƙar Umma da Tabon Wuyan Yaya

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Yau kwana tara ke nan ban iya zura zare a allura ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗa miki komai, har da abin da nake jin kunyar faɗa.

Ni tela ce, shekara goma sha huɗu ina ɗinkin mata. Mu biyu Umma ta haifa, ni da Yaya, wadda malamar makaranta ce. Da Umma ta rasu, abin da ta bar mana mai daraja shi ne sarƙar zinare guda ɗaya, siririya, doguwa, inci talatin da biyu. Ba mu raba ta ba. Duk wadda take da fita sai ta aika a karɓo mata, in ta gama ta mayar.

Umma da sarƙar nan ɗaya take kwalliya iri uku. In rigar mai rufaffen wuya ce, sai ta sake ta ta sauko har ƙasan ƙirji. In wuyan mai faɗi ne, sai ta ninka ta biyu ta kwanta a gindin wuya. In kuma tsaka-tsaki ne, sai ta tattare ta a ƙeya a ɗaure da zare. Ni nake ɗaure mata zaren tun ina 'yar shekara tara, lokacin Yaya tana makarantar kwana. Ashe ni kaɗai na san wannan dabarar, ban taɓa lura ba.

Kwanan baya aka ƙara wa Yaya girma ta zama shugabar makarantarsu, aka sa ranar liyafa, kuma ita za ta yi jawabi. Na ɗinka mata riga shuɗiya mai faɗin wuya, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ɗinkin da na zuba duk iyawata a ciki. Ranar gwaji ta saka rigar ta ɗora sarƙar Umma a sake, doguwa. Ni kuwa bakina ba shi da linzami. Na yi dariya na ce ta yi kama da akuyar da ta tsinke da igiyarta, wannan wuyan gajeriyar sarƙa yake so, wadda za ta zauna a kan ƙashin wuya. Nufina ta ninka ta biyu yadda Umma take yi. Kafin in ƙarasa wata da na yi wa ɗinki ta shigo da ƙorafin hannun riga, maganar ta bi ruwa.

Ranar Alhamis da tsakar rana ta zo karɓar rigar. Ta saka, ta tsaya gaban madubi, sarƙar tana kwance a gindin wuyanta gwanin sha'awa. Na zagaya bayanta don in gyara mata ninkin, sai na ga silli ɗaya ne, da sabuwar ƙugiya tana ƙyalli. Na tambaye ta ina sauran. Tana murmushi ta ce ai ta bi shawarata, ta kai wa maƙeri ya yanke. Ta sunkuya tana buɗe jaka, tana cewa, “Tsaya ki gani, Auta.”

Ban tsaya ba, Gwaggo. Idona ya rufe. Na cusa yatsu huɗu ƙarƙashin sarƙar, na murɗe, na fizgo ta baya da duk ƙarfina. Garin ƙoƙarin ƙwacewa kanta ya daki madubi, madubin ya tarwatse a kanmu. Ina ihu ina cewa ta yanka Umma, ta yanka Umma, ina ƙara murɗewa. Ta yi ta yaƙushin hannuna, har yanzu sawun farcenta yana nan. A wani guntun madubi da ya rage a bango na ga fuskarta, idanu sun firfito sun yi ja, baki a buɗe babu sauti, kuma ko da na gani ban saki ba. Sarƙar ce ta tsinke da kanta, bayan ta yanka fatar wuyanta daga ƙasan kunne har ƙeya. Ta zube a kan tarkacen yadi tana tari, jini yana bin wuyan rigar da na kwana uku ina yi wa ado. Mai takalma da ke maƙwabtaka da shagona ya shigo ya hankaɗa ni jikin keken ɗinki. Shi ya ce min wai dutsen guga ya ƙwace a hannuna. Wallahi ban san lokacin da na ɗauka ba.

Shi ne ya ɗauke ta a mota ya kai ta gida. Da na zo sharar madubi, sai na tsinci wata 'yar ambulan da ta faɗo daga jakarta. A ciki ga ɗaya rabin sarƙar, an sa masa tasa ƙugiyar, an goge shi fes. A bayan ambulan, da rubutunta na malamai, ta rubuta: “Auta, ga rabinki. Kada kowa ta ƙara jiran kowa.” Nan na zauna a ƙasa cikin gilashi na yi kuka har muryata ta dishe.

Ba yau na fara ba, in faɗi gaskiya. Na taɓa jifan bango da almakashi saboda an ce ɗinkina ya karkace. Umma takan ce hannuna ya riga bakina fitowa duniya. Amma ban taɓa taɓa Yaya ba, ita da ta goye ni, ita da ta saya min keken farko.

Yanzu ba ta ɗaga wayata. Mijinta ya ce kada in taka masa gida. 'Yarta ta ce min muryarta ta shaƙe, da ƙyar take haɗiyar abinci, ga liyafa saura kwana goma sha biyu. Ɓangarorin sarƙar biyu duk suna hannuna. Ina so in kai wa maƙeri ya haɗe su in aika mata, amma wane tsawo zan ce ya yi? Gajeriya dai a kan ciwon za ta zauna. Kuma har yanzu, Allah ya yafe min, in na tuna an sa almakashi a sarƙar Umma ba a tambaye ni ba, sai in ji zuciyata tana tafasa. Ina tsoron na rasa Yaya, kuma ba ni da kowa sai ita.

Taki,
Tela mai zafin hannu

*

'Yata,

Kin tambaye ni tsawon sarƙa, zan kuwa ba ki amsa, amma sai mun fara da wuyan da za a saka ta. Abin da kika yi sunansa shaƙewa, kuma mutane suna mutuwa ta haka. Sirantar zinare ce ta cece ku, ke da bakinki kin ce ba ki saki ba. Kada ki bari kowa, har zuciyarki, ya mayar miki da wannan faɗan 'yan uwa na yau da kullum.

Yau ɗin nan ki roƙi 'yarta ta kai ta wurin likita, in ba a riga an kai ta ba. Shaƙewar murya da wahalar haɗiya bayan kwana tara ba abin zama a gida ba ne. Ke ma ki nemi likita ko mai ba da shawara kan fushi. Wadda ta ɗauki dutsen guga ba ta sani ba tana bukatar taimako, kuma shagonki cike yake da almakashi.

Yaya ma tana da nata laifin. Abin mutum biyu ba a yanke shi da shawarar mutum ɗaya, ko da niyyar alheri ce, kuma ɓacin ranki a kan haka yana da hujja. Sai dai ki tuna ke ce gwanar, ke kika yi mata dariya, ke kika ce gajeriya, ita kuwa ba ta taɓa ɗaure wa Umma zare ba. Laifi tudu ne, kin taka naki kina hango nata. Ki ajiye wannan ƙorafin zuwa wata shekara, yanzu ba ki da bakin yin sa.

Kada ki haɗe sarƙar. In kika kai wa maƙeri ba da saninta ba, kin maimaita abin da kika shaƙe ta a kansa. A gyara nata rabin da ya tsinke kawai, a bar kowanne yadda ta tsara shi.

Ga batun tsawo. Maganarki ta tela daidai ce: wuya mai faɗi yana son inci sha shida zuwa sha takwas, wuya mai tsini yana son sarƙar da ta tsaya sama kaɗan da tsininsa, rufaffen wuya kuma yana son doguwa, daga ashirin da huɗu zuwa sama, a kan yadi. Amma fata mai ciwo ba ta son ƙarfe ko kaɗan, kuma wuyan da aka shaƙe yakan daɗe yana ƙin duk abin da ya matse shi. Ki ɗinka mata sabuwar riga da yadi mai laushi, wuyanta a rufe amma sakwa-sakwa. In ta so sarƙa ranar, doguwa a kan rigar. In ba ta so, 'yan kunne sun wadatar.

Ki rubuta mata takarda gajeriya, ba “amma” a ciki. Ki ce kin shaƙe ta, kin zalunce ta, kin ga ambulan. Ki girmama maganar mijinta, ki ba 'yarta ta kai mata takardar da rigar da nata rabin. Ki haɗa da zare mai tsawon hannu guda, ki ce in ta so a haɗe sarƙar ko a ƙara mata tsawo, ta auna da kanta ta ƙulla inda ya yi mata. Liyafa kuwa, sai in ita ta kira ki.

Wataƙila zaren ya dawo da ƙulli, wataƙila ya yi wata shida bai dawo ba. Ki jira, ba ke za ki sa ranar ba. In kuwa wata rana ta shigo shagonki ta juya miki baya ta ce ki zo ki auna mata, ki san amana ce ta ba ki, ki wanke hannu ki taɓa wuyan nan a hankali.

Allah ya ba Yaya lafiya, ya mayar mata da muryarta kafin ranar jawabi, ya sanyaya miki zuciya, ya jiƙan Umma.

Gwaggonki