Furen Okid ɗin Ƙanenki

Utaibiyya, Makka,
Watan Muharram.

Zuwa ga Yaya Zubaidatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida a Kano. Ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Alhazai sun watse, gari ya ɗan numfasa. Hudaifa yana riƙe da shagon turaren mahaifinsa a unguwar Misfala, Manal kuma tana Jidda wajen aikinta, duk ƙarshen mako tana zuwa.

Yaya, saƙonki ya iso, cewa za ki turo ɗanki Hassan ya ɗauko ƙanenki a kawo shi gida a yi jinyarsa cikin dangi. Na san tausayi ne ya sa. Kafin ki yanke shawara ina so ki ji abin da ya faru, don a waya ba na iya faɗa, yana kusa yana ji.

Kin san yadda ciwon shanyewar ɓarin jikin ya bar shi bara. Likita ya ce ƙafar za ta iya ɗaukarsa in ya riƙa motsa ta, amma ya ƙi. Mutumin da ya yi shekaru yana tsaye a shago yana ba alhazai dariya, sai ga shi ba ya son kowa ya ga bakinsa a karkace. In baƙi suka zo dubiya sai ya juya fuska bango, ya ce in ce yana barci. Ko masallacin unguwa da ke bayan gidanmu ya daina zuwa.

Ana cikin haka Manal ta zo masa da wani fure a ɗan tukunyar roba, furanninsa farare tas a jere a kan reshe ɗaya. Sunansa okid. Ba ya son ƙasa, a cikin ɓawon itace yake zama, saiwarsa duk a waje. Da furannin suka zube na ɗauka ya mutu, na ɗauke shi zan jefar. Sai na ji ƙanenki ya ce in ajiye, da ransa. Wallahi Yaya, rabon da ya ba ni umarni a gidan nan har na manta. Na mayar da shi bakin taga ina hawaye. Ashe duk kwanakin nan da muke ganin ya zuba wa taga ido, furen yake kallo. Ya gane in saiwar ta yi fari ƙishirwa take ji, in ta sha ruwa sai ta koma kore. Da hannun hagu yake ba shi ruwa, yana goge ganyen da tsumma. Ranar da sabon reshe ya ɓullo, ya kira ni daga kicin kamar an yi haihuwa. Daga nan Manal ta riƙa kawo wasu, mai ruwan hoda, mai ɗigo-ɗigo, Hudaifa ma ya samo masa wani a Ɗa'ifa, har falon ya cika. Amma fita dai babu.

To ana gab da Hajji, zafi ya kai inda ya kai, mukayyif ɗin falo, wato esi, ya tsaya cak. Masu gyara duk suna otal-otal, kowa ya ce sai bayan Arfa. Na ɗakin kwana tsoho ne, da ƙyar yake isar mu. Kafin wani lokaci ganye ya fara laushi, 'ya'yan furen da ba su buɗe ba suna faɗowa. Na ga ƙanenki yana tsince su yana tarawa a tafin hannu. Sai na yafa mayafi na bi maƙwabta ina roƙon su ajiye mana tukwanen a inda ke da sanyi. Hajiya Ummulkhairi, bazawarar da ke ƙasanmu, ta karɓi wasu. Malam Nu'uman, Basakkwacen da ke karatu a nan, ya karɓi wasu. Sauran na kai wa Abu Rakan, Balaraben da ke da kanti a bakin layi.

Bayan kwana kaɗan na dawo daga wajen Hajiya, na faɗa masa cikin yabo cewa tana kula da su sosai, safe da yamma sai ta cika su da ruwa. Sai na ga idonsa ya fito. Ya ce ai ta kashe su, wannan ba tumatir ba ne, saiwar za ta ruɓe. Na ce bari in koma in faɗa mata, ya ce ni ma ban iya ba, in miƙo masa sandarsa. Yaya, sandar nan tun da aka sallame shi daga asibiti take jingine a bayan ƙofa. Ya sauko matakala yana haki, ina gabansa ina addu'a a zuci. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi wa Hajiya bayani, harshen yana sarƙewa, bai damu ba. Ita kuwa ta ce ta yi rainon 'ya'ya da jikoki, ba ta taɓa ganin mai tsirfa irin wannan ciyawa ba.

Na zaci sama za mu koma, sai ya ce tunda ya sauko bari ya ga na kanti. Abin da yake gudu shi ne a yi ta ce masa sannu da idon tausayi. Abu Rakan da ya hango shi sai ya ɗaga murya ya ce wa mutane su zo su ga Falalu, wanda ya ƙi saukowa don abokansa amma ya sauko don fure. Ƙanenki ya yi dariya, da bakin nasa a karkace, a gaban kowa. Suna nan zaune aka kira la'asar. Malam Nu'uman ya zo wucewa, bai tambaye shi ba, ya dai miƙa masa kafaɗa. Ina tsaye a bakin layi ina kallo har suka shige masallaci.

Na wajen Hajiya biyu sun mutu, har da farin nan na farko, kuma ya ji zafinsa ƙwarai. An gyara mukayyif, amma bai kwaso sauran duka ba. Ya bar wa kowa ɗaya, kullum bayan la'asar sai ya zaga ya duba su, ya sha shayi, ya yi musu faɗa. Hannun dama har yanzu bai dawo ba, wasu ranakun kuma yakan tashi ba ya son magana. Ba zan ɓoye miki wannan ba.

Na karanta masa saƙonki. Ya ce in roƙe ki ki bar Hassan ya zauna. Ya ce ke ki zo Umara da azumi, kuma kada ki damu da gwiwa, matakalar tamu shi zai sauko ya tarye ki, ku hau tare a hankali, kowa da sandarsa.

Ki gaishe mana da Hassan da maiɗakinsa Ruƙayya, da Baraka, da Abdulƙuddus da yara duka. Hudaifa da Manal suna gaida Gwaggonsu. Muna sa ku a addu'a duk lokacin da muka je Harami, ku ma kada ku manta da mu.

Taki har kullum,
ƙanwarki Rabi'a.