Shafin da Ke Buɗewa a Wayar Inna

Zuwa ga Abban Safiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ba ka kai doguwar wasiƙa ƙarshe, sai ka ce in taƙaita saboda masu ƙaramar waya. Yau babu mai cewa in taƙaita.

Na fita takaba. An kawo min turare da atamfa, an yi addu'a, mata suna ta yaba haƙurina. Ban gaya musu ba haƙuri ba ne, ban ji komai ba ne kawai. Safiya ta koma makaranta. Ta tambaya ko za ta iya yin aikin gida a kan teburinka, na ce ta yi. Famfon tsakar gida yana ɗiga har yanzu. Kwanar da motarku ta kife a hanyar Tsafe tana nan, na wuce ta wajen, wata mata tana sayar da gyaɗa a gefen.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne shafin intanet na ƙungiyar manoma da makiyaya, wanda muka gina tare. An yi sabon ciyaman. Ya kira ni ofis, ya yi min ta'aziyya a taƙaice, sannan ya juyo min da babbar wayarsa ya ce in duba da kaina, shafin nan kamar sanarwar da ake mannawa a bangon asibiti. Yana son hotuna masu zamewa, da nasa hoton a sama cikin babbar riga. Na yi masa bayani cewa kamannin shafi duk suna cikin fayil guda da ake kira CSS, shi ke faɗin launi da inda kowane rubutu zai zauna, kuma kai ka rubuta namu yadda ko waya mai maɓallai za ta iya buɗe shi. In aka sauya zuwa sabon salo, irin waɗannan wayoyin za su ga rubutu a cakuɗe, ko su ga fari fat. Ya ce masu rakani-kashi su ari wayar 'ya'yansu, duniya ta ci gaba. Yana son aikin kafin a fara sanarwar takin damina.

Ka ji abin dariya? Maganata ce ya maimaita. Shekaru ina gaya maka haka, kana cewa shafin da bai buɗe a waya mafi lalacewa a kasuwar Tsafe ba, bai buɗe ba. Kana bin 'yan hatsi da 'yan kara rumfa-rumfa kana aron wayoyinsu don ka gwada, har suka sa maka suna Malam Ara-Min. Ga shi na ci gardamar. Ashe haka ake cinta, ɗaya ya tashi ya bar wurin.

Matsalar ita ce Inna. Mahaifiyarka ba ta karatun boko, ka sani, amma tun lokacin da ka sa mata shafin a wayarta ka nuna mata maɓallin da za ta danna, ka ce mata wannan shi ne aikinka, ba ta daina buɗe shi ba. Ƙanwarka ta ce yanzu kullum bayan ta idar da walaha sai ta danna, ta jira koren shafin nan naka ya fito, ta dube shi, ta mayar da wayar ƙarƙashin filo. Ba ruɗewa ta yi ba. Ita ta fi mu duka sanin inda kake, ita ta hana mutane kururuwa ranar. Dubawa kawai take yi ko yana tsaye, kamar yadda take duba katangar da marigayi Babanka ya gina in an yi ruwa mai ƙarfi. In na yi abin da ciyaman yake so, wata safiya a Bungudu za ta danna ta ga fari. Wa zai yi mata bayani? Ni? In ce mata me, an samu ci gaba?

Bari in ba ka labarin da ka fi so, tunda babu mai karanta maka. Abin nan da ka daɗe kana jira, wanda zai bari a yi wa akwatin da ke cikin shafi ado gwargwadon abin da ke cikinsa, ya shigo duk manyan burauzoci, manhajojin nan na buɗe shafi. Ana iya amfani da shi yanzu ba fargaba. Sa abu a tsakiyar shafi, wanda ya taɓa hana ka cin tuwo, ya koma layi biyu. Ana iya rubuta dokar CSS a cikin wata dokar ba sai an nemi wata manhaja ta fassara ba. Masu ƙera burauza sun fara jituwa, abin da ka ce ba za mu gani ba a rayuwarmu. Rabin maganarka ta tabbata.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk labaran nan da kake karanto min da safe, kana riƙe da kofin shayi kana cewa in saurara in ji ikon Allah, yawanci na riga ka karantawa. Wurare ɗaya muke dubawa, kuma na fi ka saurin tashi. Sai in yi shiru in bar ka ka ba ni, don ina son yadda kake ba da shi, da hannu da ƙafa, kamar an yi maka haihuwa. Yanzu ina karantawa in rufe. Labari ne kawai.

Na buɗe fayil ɗinka don in fara gogewa. Rabinsa faci ne, faci a kan faci kamar tayar keken ɗan garuwa. Kowace doka ka rubuta ta sau biyu, ta zamani da ta tsofaffin wayoyi, kuma ka bar bayani a gefe. A wani wuri ka ce, kar a goge, wayar Inna ba ta gane na sama. A wani wurin ka ce, Hadiza za ta ce wannan ƙazanta ce, kuma gaskiyarta. Na karanta, na yi tsammanin zan yi kuka, na jira. Bai zo ba. Na tashi na dafa taliya.

Kai ka taɓa cewa abin da ya fi burge ka a burauza shi ne halinta. In ta tarar da layin da ba ta gane ba, ba ta tsayawa, ba ta ƙorafi, tsallakewa take yi ta ci gaba da na gaba. Ina jin tun ranar da aka kira ni daga asibiti haka nake aiki.

Ga abin da na yi. Na rubuta wa ciyaman sabon shafinsa, tsaf, babu faci ko ɗaya, hotonsa na zamewa daga dama zuwa hagu. Ya yi kyau, ba zan yi maka ƙarya ba, ya fi naka kyau nesa. Amma ban goge naka ba. Na sa tambaya a bakin ƙofa: wayar da ta san sabon tsari ta ɗauki nawa, wadda ba ta sani ba ta tsallake ta tarar da naka yadda ka bar shi. Sanarwa ɗaya ce ke fita a duka biyun, tufafin ne kawai suka bambanta. Ciyaman bai sani ba, kuma ba zai sani ba, don ba zai taɓa riƙe irin wayar da za ta nuna masa ba. Na san dabarar ba mai ɗorewa ba ce. Wata rana burauzar da ke cikin waɗannan wayoyin za ta daina buɗe komai, ba namu kaɗai ba. Ban san wanne zai riga wani tafiya ba, ita ko batirin ko Inna. Wannan ba ni da facinsa.

Abin da ban lissafa ba shi ne kaina. Wayata sabuwa ce, kwamfutata ma haka. Duk abin da na mallaka ya san sabon tsari. Da na gama na buɗe shafin, sai ga ciyaman yana zamewa.

Na je Bungudu ranar Asabar. Inna ta rame kaɗan, ta yi min faɗa na zo ba da Safiya ba, ta ce 'yan boko sai su kawo wa mutum lemun kwalba su bar masa jika a gida. Ban ce mata komai game da shafin ba. Na zauna a bakin gadonta har ta jawo wayar da kanta ta danna. Sabis ɗin garin ka san shi, mun jira. Sai koren ya fito, da sanarwar rigakafin shanu da na saka da hannuna, a cikin rubutunka mai kauri. Ta dube shi, ta ce to madalla, sannan ta miƙo min ta ce in gani, ko ni ma rabona da shi ya yi nisa.

Kan labarin ya ɗan karkace zuwa hagu. Kuskure ne, na gane inda yake nan take, gyaran minti ɗaya ne. Na riƙe wayar ina kallonsa har hasken ya mutu. Inna ta ce in danna kowane maɓalli, zai dawo. Na danna.

Ba zan gyara shi ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta da gwaji. Sai mun zo.

Matarka,
Hadiza
Tudun Wada, Gusau