Zaren Tela da Motar Rilwanu

Ƙofar Kuyambana, Zariya.
Lahadi.

Zuwa ga matata Rahama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata jiki yana ƙara ƙwari. Yaya ruwan zafi? Yaya Hafsatu, ta fara barin ki ki runtsa? Ki gaishe mini da Iya, ki ce ina yi mata sannu da hidima. Da garinku akwai sabis da na huta da neman biro, amma tunda sai an hau tudun firamare ake samun waya, mai jego kuma ba ta fita, sai ki yi haƙuri da rubutun bahago. Ɗanladi direba zai ba ki takardar tare da sabulu da kanwa.

Akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Kin san tsohuwar motar nan ƙirar Jamus da ƙanenki Rilwanu ya cire wa kujeru, ya ce mana gyara ta yake yi ya sayar. Ba sayarwa zai yi ba. Asabar mai zuwa akwai tsere a wani fili da aka shimfiɗa wa kwalta can bayan Kaduna, kuma ya ba da sunansa. Ya sa na rantse maganar ba za ta kai kunnen Iya ba. Ke dai ban rantse a kanki ba.

Abin da ya jawo ni ciki shi ne saitin ƙafafun motar. Masu yi da na'ura sun ce su saitin motar hanya suka sani, shi kuma yana so tayoyin gaba su ɗan jingina ciki daga sama don su kama kwalta a kwana. Ya nuna mini a wayarsa yadda ake yi da zare. Kin san halina, ina gani na cika baki na ce ai wannan aikin tela ne, shekara ashirin ina cin abinci da zare da awo. Ya ce ya amince, in dai ba zan yi wa motar aljihu ba.

Jiya muka yi, a kan daɓen simintin ƙofar gida, don lungu ba ya cin mota fiye da nan. Muka gicciya rodi a gaba da baya a kan bulo, na ja farin zaren aikin babbar riga ta kowane gefe. Don auna jinginar taya kuma sai na ɗaura notin ƙarfe a bakin zare na sake shi yana reto, in ya tsaya in auna sama da ƙasa. Rilwanu yana kwance ƙarƙashin mota da sifana, ni ina faɗa masa ya ƙara ko ya rage, shi kuma yana ta tsokanata wai yayarsa ta tafi na rame. Tun hantsi muke abu ɗaya har la'asar. Hagu da dama suka zo daidai, ko rabin milimita babu tsakani.

Ya kamata in yi murna, amma na kasa. Idan na ɓata riga, wani yadi ake saya. Wannan kuwa mutum ne zai zauna a ciki, kuma ɗan uwarki ne. Ki sa mu a addu'a, ki riƙe maganar a cikinki.

Mijinki,
Adamu Bahago.

Laraba.

Rahama,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ke da yarinya da Iya duk kuna lafiya. Ni lafiyar jiki kam akwai.

Litinin aka ɗora motar a bayan babbar mota suka wuce Kaduna, Rilwanu a gaba kusa da direba yana ɗaga mini hannu. Jiya bayan azahar aka yi ruwan farko. Ina tsaye a zaure ina kallon ƙofar gida, shatin tayoyin ma bai gama gogewa ba, sai na ga ruwan ba ya kwanciya. Duk gudu yake yi gefe guda, daga jikin bangon Malam Nasiru magini zuwa rariya.

Ana ɗaukewa na shiga wurin Malam Nasiru na aro siririn tiyon da yake cika wa ruwa yana gwada daidaiton gini. Na gwada inda tayar dama ta tsaya da inda ta hagu ta tsaya. Gefen hagu ya fi ƙasa da yatsa biyu har da ɗoriya. A gidan nan aka haife ni. Ina gani marigayi Baba ya tsaya a kan masu daɓen nan ya ce su yi masa gangare, kada ruwa ya ci gindin katanga. Babu ƙofar gida a birnin nan da ba haka take ba. Ƙafata ta saba, shi ya sa idona bai gani ba.

Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Zaren da na rataya wa noti ƙasa yake nema sak, ba ruwansa da karkatar mota. Motar kuwa a karkace take tsaye. To ni da na daidaita ɓangarorin biyu da zaren nan, ɓata su na yi. Da zarar ta hau shimfiɗaɗɗen wuri, tayar hagu za ta jingina fiye da kima, ta dama kuma kusan a miƙe za ta tsaya. A tafiyar kasuwa ba mai ji. A gudun da suke yi, ban san abin da za ta yi ba.

Nan take na kira Rilwanu a waya. Dariya ya yi har yana tari. Ya ce wannan ta fi ta ranar suna, lokacin da na aika masa wai an sace babur ɗinsa ya fito ba takalmi. Na ce wallahi, ya ce ranar ma wallahin na yi da bakin Ɗanladi. Tun da na aure ki ban taɓa faɗa wa yaron nan magana ba tare da wasa a ciki ba, shi ma haka. Ni mijin yayarsa ne, wasan ne zumuncinmu. Yau ina neman muryar da zai ji ya san da gaske nake, na rasa.

Gobe da sassafe zan rufe shago in bi shi Kaduna. Ki shafa mini kan Hafsatu.

Naki,
Adamu.

Alhamis.

Rahama,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri, wannan a tasha nake rubuta ta, Ɗanladi zai taso da ita gobe bayan asuba.

Na je, na same shi cikin abokansa. Ya gabatar da ni a matsayin injiniyansa daga Zazzau, suka yi ta tafi. Na ja shi gefe, na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya ce ya zagaya da ita a hankali kuma tana tafiya sumul, tsoro ne kawai irin na teloli. Da na matsa, sai ya ce masu shirya tseren sun riga sun duba motoci sun kulle su, wanda ya sake kwance wani abu ya fita ke nan. Shekara biyu yana haɗa motar nan, ba zai fita saboda yatsa biyu ba.

Na je na ga filin da idona. Akwai doguwar miƙaƙƙiyar hanya, a ƙarshenta kwana ce ta hagu, bayanta katangar bulo da aka jingina wa tsofaffin tayoyi. A kwanar hagu duk nauyin mota kan tayar dama yake komawa, wadda na bari a miƙe. Na daɗe a tsaye a wurin.

Mutum ɗaya ya rage wanda Rilwanu ba ya mayar wa magana wasa. Ni ban taɓa ɗaga ido na dubi Iya ba, balle in ce mata na taya ɗanta ɓoye mata abu, kuma hannuna ne ya ɓata motar. Ki karanta mata takardun nan uku, kada ki tsallake inda na cika baki. Ki roƙe ta ta hau tudun firamare gobe Juma'a kafin masallaci ta kira shi. Na san na karya rantsuwa, zan yi kaffara. Na san kuma abin da zai biyo baya tsakanina da shi.

Don Allah kada ki bari gobe ta wuce.

Mijinki,
Adamu.

Talata.

Zuwa ga Rahama,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Hafsatu. Saƙonki ya iso ta bakin Ɗanladi, na gode. Ki durƙusa ki ba Iya haƙuri a madadina. An ce da sanda ta hau tudun nan cikin rana, abin ya tsaya mini ƙwarai.

Kin riga kin san Rilwanu bai shiga tseren ba. An ce Iya tana gama magana ya mayar wa masu tseren lambar motarsa, ya zauna a bakin fili har aka tashi. Lahadi aka dawo da motar. Na roƙe shi muka tura ta kan simintin wani gidan mai da Malam Nasiru ya gwada mana ya ce a miƙe yake, na sake rataya zaren a gabansa. Yadda na faɗa haka ta fito, ta hagu a kwance, ta dama a tsaye. Ya duba awon sau biyu, ya miƙo mini. Wataƙila da ya shiga da ya fito lafiya. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Ya kwashe kayansa daga ɗakin zaurenmu da yake kwana ya koma wurin wani abokinsa a Ƙofar Galadima. Bai yi mini rashin kunya ba, da ma ita ya yi da na fi samun sauƙi. Kwana biyun nan da safe yana biyowa ta shago, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni da Malam Adamu, ya tambayi aiki, ya tashi. Jiya na gwada tsokanarsa a kan askin da ya yi, ya ce Allah ya ba ni haƙuri, zai gyara.

Ɗazu da hantsi ya wuce da sabon yadi a hammata. Na ɗauka nan zai shigo, har na ture kayan da ke kan benci. Ya gaishe ni daga waje, ya wuce shagon telan bakin kasuwa. Na bi shi da ido yana tafiya da ƙafafunsa biyu har ya shige, na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Sai dai na fi minti goma ina neman kafar allura ban same ta ba.

Saura kwana goma sha ɗaya ku yi arba'in, ina ƙirgawa. Ki kula da kanki, ki gaida mutanen gida baki ɗaya.

Ni ne mijinki mai kewarki,
Adamu Bahago.