Malfar Is'haƙa da Diddigen Dije

Isa, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida Malam Malami da amaryarmu Surayya. Tun da aka yanke mana sabis na zama kamar kurma. Waya tana aljihu, amma ba ta da wani amfani sai haska fitila. Shi ya sa na ba Abdulrazak direba wannan takarda.

Kayan bikin Surayya suna hannuna, na yanka biyu, saura na fitar buki. Amma ba zancen ɗinki ya sa na rubuto ba.

Yaya, da na zo Sabon Birni da Sallah, kina alwala a bakin randa, na ga wani baƙin tabo a diddigenki na hagu. Na tambaya kika ce lalle ne. Ban matsa ba don akwai baƙi. Tun ranar abin bai bar raina ba. Ina kan keken ɗinki ina taka shi, sai in ga na ɗinka hannun riga a wuya. Lalle ja ne, kuma yana kwanciya bai ɗaya. Wancan baƙi ne, gefensa a karkace, wani wuri ya fi wani duhu.

Kin san ni zabiya ne, kuma kin san duk bayan 'yan watanni ina zuwa Sakkwato a duba mini fata. A can na ji likita tana gaya wa wani baƙin dattijo cewa ciwon daji na fata bai san launi ba. Mu zabaya rana ke jawo mana shi, a kunne da wuya da leɓe. Masu hasken fata ma rana na cin su fiye da baƙaƙe. Amma baƙin mutum, in zai same shi, ya fi fitowa inda rana ba ta kai ba: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce, ko kan tsohon tabon wuta. Ta ce baƙaƙe ba su cika kamuwa ba, amma su suka fi zuwa a makare, don ba wanda ke dubawa.

Ga ɗan maɓallin riga na ɗaure a cikin takardar nan. Don Allah ki ɗora shi a kan tabon, ki gaya mini ko ya rufe shi.

Ki gaida mutanen gida.

Ƙanenki,
Is'haƙa

*

Sabon Birni, ranar kasuwa

Is'haƙa ɗan ƙanena,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, sai zafi da rashin kwanciyar hankali da ka sani. Ka yi haƙuri da rubutun, bokona na yaƙi da jahilci ne.

Wato yanzu tela ya zama likita! Surayya ta karanta takardarka ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ɗin da Inna ke kira Baƙar Tukunya, ni rana za ta ci? Na yi noma a Alkalawa tun ba ni da wayo, rana ta gaji da ni ta ƙyale ni. Kai ne munka yi wahala da kai. Ni na goya ka ina lulluɓa ka da zanen Inna, ni na bi ka da gudu har bakin gulbi da malfa a hannu kana kuka ba ka so, ni na fasa ma ɗan gidan Sarkin Fawa baki ranar da ya kira ka Bature ɗan gwanjo. Yau kai ka duba mini ƙafa.

Faso ne kawai, irin na kowace mace mai zuwa gona. Wata ƙaya ta taɓa sukata a wurin, shi ne ya yi baƙi. Ina ɗaura mishi lalle duk mako don ya sha sanyi, kuma ba ya mini ciwo ko kaɗan. Abin da ba ya ciwo ai ba ciwo ba ne.

Maɓallin naka kuwa, telan rowa, ko rabin tabon bai rufe ba. Da azumi ne zai rufe shi, lokacin yana ɗan ƙarami. In kana son a rufe shi yanzu sai ka aiko da na kwat.

Ka bar wanga zance ka gama mini kayan ɗiyata. Kuma Abdulrazak ya ce ya gan ka bakin shago da ƙaramar riga. Ina mai dogon hannun? Kana shafa man ranar da anka ba ka? Kada in ji, kada in gani.

Surayya na gaishe ka. Allah shi tsare.

Yayarka,
Dije

*

Isa, Alhamis

Yaya Dije,

Salamu alaikum. Na karanta takardarki a tsaye, ban iya zama ba har yanzu.

Ke da bakinki kin ce da azumi ƙarami ne, yanzu maɓalli bai rufe rabinsa ba. Yaya, faso ba ya girma haka. Kuma ban ce rana ce ta ci ki ba, ki sake karantawa. Wannan irin ba ruwansa da rana, ba ya kuma fara ciwo sai ya yi nisa. Ni ba likita ba ne, mai yiwuwa ba komai ba ne. To a je a ji daga bakin wanda ya sani.

Abu biyu nake roƙo. Ki daina sa lalle a ƙafar nan don a ga ainihin launinsa. Kuma kada ki bari kowa ya taɓa shi da aska.

Ki faɗi rana, za ni zo in raka ki Sakkwato. Na san ƙofar da ake shiga asibitin.

Is'haƙa

*

Sabon Birni

Zuwa ga surukina mai daraja, Malam Is'haƙa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, amin.

Na san ka yi ta jiran amsa ba ka samu ba. Yayarka ba ta san na rubuto ba, kuma ta hana a gaya maka abin da za ni faɗa. Na auna na ga ɓoye maka zalunci ne.

Takardarka ta biyu ta iso a makare. Kafin ta zo, wata maƙwabciya ta kawo wanzami, ya ce tsohuwar ƙaya ce ta mutu a ciki, ya tsaga wurin. Bai sami ƙaya ba. Tun ranar wurin bai rufe ba, yana tsattsafar da jini, takan naɗe shi da tsumma ta ɗora lalle a kai. Tana tafiya a kan yatsu in ta ɗauka ba na kallo. Shekaranjiya kuma ta ce kaluluwa ta fito mata a matsematsin wannan ƙafar.

Na yi mata maganar asibiti. Ta ce da ni: "Malam, uwar amarya ta tahi buki da ƙahwa hwara awa mai takaba? A bari a kai Surayya ɗakinta, in an gama ku kai ni duk inda kuka so." Bikin kuwa sai an gama yankan gero an kai shi rumbu.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma ban matsa mata yadda ya kamata ba. Ka san halin da hanya ke ciki. Makon jiya 'yan bindiga sun tare mota, har yau ba labarin mutum uku daga unguwarmu. In na ce ta zauna ina tsoro, in na ce ta tafi ina tsoro. Na je wajen Burkusuma, can bakin iyaka, neman sabis ɗin Nijar don in kira ka, na tuna kai ma ba ka da shi, na juyo.

Ba ta jin maganar kowa a duniyar nan in ba taka ba, ko da yake za ta rantse ba haka ba ne. Ka yi abin da Allah ya hore maka.

Wassalam. Naka a kullum,
Malami

*

Isa

Yaya Dije,

Salamu alaikum. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba, raina a ɓace yake.

Kada ki yi wa Malam faɗa, ya yi abin da ya dace. Ni za ki yi wa.

Abin da ke cikin ledar nan kin san shi. Malfata ce, wadda kika sayo mini a kasuwar Sabon Birni kika ɗinka mata igiya da hannunki, da kwalbar man rana, da rigunana masu dogon hannu guda biyu. Ki ajiye su. Na fito da keken ɗinki daga cikin shago na kafa shi a bakin titi, inda ba rumfa. A nan za ni ƙarasa kayan Surayya, daga hantsi har la'asar, da kai a buɗe.

Tun ina yaro kike cewa wannan fatar ba tawa ce ni kaɗai ba, amana ce, ke kika yi wahalarta. Na yarda. Na sha zafi cikin manyan riguna ana yi mini dariya, na bar ƙwallo, na bar gona, na koyi sana'ar zaman inuwa, duk don ke. Sau biyu ana ƙone mini ɗan ƙurji a kunne tun bai zama komai ba, don na je da wuri. To ita ma wannan ƙafar ba taki ce ke kaɗai ba. Ba ni da uwa, ba ni da uba, ke ce kawai.

Ina tsoron hanya kamar kowa. Amma motoci na fita da rakiyar sojoji ranar Lahadi, mutane na zuwa suna dawowa. Abin da ke diddigenki kuwa ba ya jiran a yanke gero.

Ranar da kika shiga mota za ni sa malfa. Kafin nan a'a.

Is'haƙa

*

Sabon Birni

Is'haƙa,

Ban amsa sallamarka ba don ba ka cancanta ba. Ashe haukan naka ya kai nan? Ni za ka yi ma barazana? Ƙarya kake, ba ka iya awa guda cikin rana, idanunka ma ba su buɗuwa.

Kana ganin ban san abin da nake gudu ba? Ka tuna Gwaggo Maryamu ta Alkalawa. Da ƙafa biyu ta tafi asibiti, da guda ta dawo, ba ta sake shekara ba. Surayya ita kaɗai Allah ya bar mini cikin biyar. Ina son in tsaya a tsakar gidana da ƙafafuna biyu, da lallena, in ga an fita da ita. Wanga ya yi yawa in roƙa? Ba na barci, Is'haƙa. Ina taɓa wurin ina jin shi ya ƙara tudu, sai in ɗora lalle don kada in gani.

Ka shiga inuwa. Ina umurtarka, ni na goya ka.

Dije

*

Isa

Yaya,

Salamu alaikum, ko ba ki amsa ba. Gwaggo Maryamu shekara uku tana ɗaura ganye kafin a kai ta, ke kika riƙa wanke mata. Ba zuwan ne ya kashe ta ba.

Na gama rigar fitar buki. Abdulrazak zai gaya miki inda ya same ni.

Is'haƙa

*

Sabon Birni, Juma'a

Is'haƙa ɗan ƙanena,

Wa alaikumus salam, har da ta rannan da na hana ka.

Abdulrazak ya shigo har tsakar gida, bai ko zauna ba. Ya ce: "Hajiya, wuyan yaron ga ya yi ja awa nama, leɓonai duk ya hwashe, kunnuwa sun ɗuri ruwa. Mutane sun taru suna ba shi haƙuri, shi ko sai taka keke shikai." Surayya ta fashe da kuka, ta ce in ban tafi ba ita ma ba ta zama a ɗaura auren.

Allah ya isa tsakanina da kai. Ka ci nasara.

Na kankare lallen da dutse tun jiya. Yau na dubi tabon da kyau cikin hasken rana, karo na farko. Is'haƙa, ina jin tsoro.

Lahadi za ni shiga motar farko ni da Malam. Ka same mu Sakkwato, a ƙofar asibitin da ka ce ka sani. In sun ce a yanka, kai za ka riƙe mini hannu, don kai ka jawo.

Ga ledarka nan. Igiyar malfar ta tsinke, na sake ɗinke ta. Ka sa ta yanzu, kafin ka ninke wagga takarda.

Yayarka,
Dije