Kukan Mai Zane Kan Yatsun da Aka Karya Masa a Bakin Gulbi

Zuwa ga Mai Girma Baturen Mulki mai rangadin ƙasar Gobir,

Gaisuwa da ban girma, ranka shi daɗe. Ni ne Ummaru Mai Zane, mutumin Gatawa. Ƙanena Shehu ke rubuta wagga takarda, ni ina faɗa, don hannuna na dama yana ɗaure cikin kara.

Na farko, ka san ko ni wane ne. Wurin mahaifina na koyi zayyanar allo. Da na girma na koma zana ƙasarmu a kan farin ƙyalle, da baban rini da jar ƙasa da tawada: fadamu, da gonakin gero, da kukokin Kurawa, da gulbi in ya cika. Ban taɓa zana fuskar mutum ba. Aikin ga na tsufa cikinsa, daga Isa har Sabon Birni an san ni.

Na biyu, ranar kasuwar da ta wuce, da hantsi, ina zaune bakin mashaya ina zana ƙetaren gulbi, sai ga wani saje da 'yan doka uku. Ya ce taswira nike yi wa Faransa. Ban rufe baki ba ya sa mini gindin bindiga a haƙora, biyu suka zube. Suka kayar da ni, ɗaya ya take mini wuya, sajen ya ɗora hannuna bisa dutsen da nike niƙa launi ya yi ta duka har yatsuna suka kakkarye. Fulani masu shayar da shanu sun gani, za su shaida. Sannan suka ja ni gida jina-jina, suka tara zanena tsakar gida suka cinna wuta, mata da 'ya'ya na kuka. Guda huɗu sajen ya naɗe ya tafi da su.

Ba a kai ni gaban alƙali ba, ba a tambaye ni komi ba.

Ina roƙo a kira sajen ga ya faɗi laifina gaban jama'a, a kuma maido mini da zanena huɗu da ya tafi da su. Ka warware su ka duba da idonka, ka gani ko akwai hanyar soja ciki.

Maɗori ya ce yatsu biyu ba za su sake lanƙwasa ba. Na fara gwada zane da hagu, kuma da ruwa ya sauka za ni koma mashayar nan in zauna. Ina sanar da kai tun yanzu, don kada a ce na ɓoye.

Allah shi ja zamaninka, shi sa ka yi adalci.

Wassalam.
Ummaru Mai Zane, Gatawa.