Kwamfutar Yahaya

Challawa

Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ƙarin haƙurinmu? Inna tana gaishe ki.

Wata magana ce ta hana ni sakat. A kamfanin fata ana cewa manhajar da Yaya Yahaya ya rubuta wa gangar jima, injin nan da ake juya fatu a ciki, ita ce ta sa gangar ta tashi da kanta yana ciki. Har wurin mai shayi ana faɗa, wai aikinsa ne ya ci shi. Ni kuwa kullum a gindin gangar nan nake, ban taɓa ganin ta juya ƙofa a buɗe ba. Ke kika san irin aikinsa. Ki duba mana, ko Allah zai wanke shi.

Ƙaninki,
Isyaku

Kaduna

Isyaku,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa.

Rubutun manhajar yana wurina. Akwai abin bincike da yake karanta irinsa ya nuna kuskure ba tare da an kunna inji ba. Sai dai dole a gaya masa yadda aka haɗa manhajar: fayilolin da aka saka da saitin da aka zaɓa. Yahaya ya yi wa injina daban-daban rubutu a wuri ɗaya, ban san haɗin da ya ɗora wa gangarku ba. Bayanin yana cikin kwamfutarsa. Ka ba direba ya kawo min ita, kada kowa ya taɓa.

Yayarka,
Aina'u

Challawa

Yaya Aina'u,

Gaisuwa mai yawa.

Bayan rasuwar, Inna ta ce a ba Islamiyyar unguwa kwamfutar, lada ya riƙa isa gare shi. Ni na ce ba za a ba yara ita da hotunansa da waƙoƙi a ciki ba, mamaci rufin asiri yake so. Na kai ta wurin mai gyara, na tsaya a kansa har ya goge ta tas. Jiya na koma, ya ce abin da ya tafi ya tafi.

Ba za ki iya cinka ba?

Isyaku

Kaduna

Isyaku,

Na gwada. Wani haɗin ya fito lafiya, wani da kuskure. Ban san nasa ba, kuma ba zan rantse a kan cinke ba. Alheri ka nufa, Allah ya gani.

Aina'u

Challawa

Yaya,

Na gode, Allah ya saka. Inna ta tambaye ni abin da kika ce. Na ce kina kan dubawa. In kin kira ta, ki ce mata haka.

Isyaku