Na Sare Mangwaron Baba

Yaya Murjanatu,

Na jira dawowarku ke da Inna daga garin Babban Mutum har azahar, dole na wuce Sandamu wurin aiki.

Warin nan da ya dame mu, yau an gano shi. Maliki mai gyaran famfo ya haƙe tsakar gida tun daga banɗaki har sokawe. Ashe saiwar mangwaron Baba ce ta fasa bututun, ta cika shi fal. Kin tuna Baba ne ya dasa shi a bakin magudana, wai don kada ruwan gidan ya tafi a banza.

Na ce a datse saiwar kawai. Maliki ya ce ko ya sa sabon bututu, kafin shekara biyu ta sake shiga, kuma ƙazantar ta kusa kaiwa rijiya. Na ce a sare bishiyar. Ban iya tsayawa kallo ba, waje na fita.

Ki yafe mini, ban shawarce ki ba. Kada kowa ya zuba ruwa a banɗakin sai gobe, simintin bai bushe ba.

Butar Baba da ke gindin bishiyar tun rasuwarsa na kai ta ɗakinki.

Don Allah idan kun iso, ki tsayar da Inna a zaure ki faɗa mata a hankali. Kada ta ɗauko tabarmarta da la'asar yadda ta saba, ta tarar da rana a wurin.

Ƙaninki,
Zakiyyu